Tambayar Inna Rabi

Ranar da abin ya faru, da gyaɗa muka tashi. Damina ta yi nisa, hatsi ya fi mutum tsayi. Mijina Yakubu ya yi sammako zuwa Madarumfa sayen taki. Ni da Inna Rabi muna tsakar gidanta muna matsar mai, ɗiyata Rifkatu tana goye a bayana.

Inna Rabi maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Ta girme wa uwata. Ita Musulma ce, ni Kirista, kuma a ƙauyenmu na yankin Gabi gidajen Kirista ba su da yawa. Ita ta koya mini tuyar ƙuli-ƙuli. Gwiwarta ta lalace, don haka ni ke juya tunkuza a turmi, ita tana zaune tana zuba ruwan zafi tana yi mini tsiya.

Ban taɓa yi mata wa'azi ba. Ita ke tambaya. Mahaifina ya koya mini cewa idan aka tambaye ki game da Yesu, kada ki yi saurin baki, ki kwana da tambayar tukun. Haka nake yi. Sai in ce, "Inna, bari in kwana da ita." Wani lokaci amsar ta gamsar da ita, wani lokaci ta taɓe baki ta ce in ƙara wuta. Har ta sa mini suna Mai Kwana-da-Magana. Shekaru muka yi a haka, ba ta bar sallarta ba, ban bar addu'ata ba.

Bara ƴan bindiga suka kashe ɗanta Sani a hanyar kasuwa. Daga nan tambayoyinta suka ɗauke. Sai ana saura ƴan kwanaki abin ya faru ta dube ni ta ce, "Saratu, kin ce Isa ya ce a so maƙiyi. Har da wanda ya kashe mani Sani?"

Wannan karon ba kwana ɗaya na yi ba. Na yi ta juya ta, na yi addu'a, na tambayi Yakubu. A safiyar nan na zo da amsata a shirye. Na ce mata idan mun sauke kaskon tuya zan faɗa mata, don magana irin wannan ba a yin ta da hannu cikin mai.

Hantsi ya ɗaga. Man ya fara tasowa a turmi. Sai karnuka suka ɗau haushi daga kudu. Bayan su ƙarar moto, wato babur, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sai harbi. Na farko daga bakin rijiya. Na biyu kusa da masallaci. Daga nan ban iya bambancewa ba.

Wani namiji ya wuce da gudu yana ihu, "Ku shiga hatsi! Ku shiga hatsi!"

Na kwance goyo na mayar da Rifkatu ƙirjina. Na durƙusa na ce wa Inna ta hau. Ta ce in tafi. Ban saurare ta ba. Na ɗora ta a baya, muka fita ta wajen da dangar kara ta faɗi. Turmin ya kife, man ya bi ƙasa.

Cikin hatsi muka kwanta. Ƙasa jiƙe take. Na sa wa Rifkatu nono a baki don kada ta yi kuka. Muna jin ana kora shanu. Muna jin ana dukan ƙofofin kwano. Wata murya tana cewa, "Fito! Fito nan!" Hayaƙi ya biyo mu, da warin rumbu yana ci.

Inna ta matso da bakinta kunnena. "To, ga su nan sun zo da kansu. Ba ni amsata."

Na ce, "Inna, ba yanzu ba."

Ta ce, "Kwana da ita."

Rana ta take. Ba a kira azahar ba. Ban taɓa jin ƙauyenmu ya wuce azahar shiru ba, kuma wannan shirun ya fi harbin ba ni tsoro. Da ƙarar moto ta koma yamma, na sake ɗaukar Inna. Muka nufi gulbi, don duk wanda ya haye ya kama hanyar Madarumfa. Na faɗi. Na tashi. Na sake faɗuwa a kan gwiwa. Ƙaya ta cika ƙafafuna. Inna tana salati a bayana, ni ina kiran Yesu a gaba, babu wadda ta ce wa ƴar'uwarta ta yi shiru.

Da la'asar muka isa. Gulbi ya cika. Ruwa ja, yana gudu da itace. Mata suna hayewa da yara a ka, ruwan yana kai musu ƙirji. Na roƙi maza biyu su ɗauki Inna. Kowa yana da nasa a wuya. Ban ga laifinsu ba.

Ba zan iya da mutum biyu cikin ruwan nan ba. Na zaunar da ita gindin wata tsamiya. Ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Tahi da ɗiyar. In kin dawo ki hwaɗa mani."

Na ɗora Rifkatu a ka na shiga. Ruwan ya ja ni gefe, na kama wata saiwa. Na fita. Na miƙa ɗiyata ga wata mata da ban san sunanta ba. Na juyo na sake shiga.

Ina tsakiyar ruwa na ji moto. Biyu ne, sun biyo sawun mutane. Daga hayi aka yi ihu, "Nutse!" Na nutse. Na ɗago cikin ciyawar gaɓa, hancina kaɗai a waje. Ina hango tsamiyar. Ina hango jan ɗankwalinta. Ɗaya ya sauka ya tsaya a kanta. Yaro ne matashi, bai kai Sani ba. Ban ji abin da ya ce ba. Na ga ta ɗaga kai tana yi masa magana, kamar yadda take yi wa kowa.

Harbi ɗaya.

Sai da suka tafi wasu suka janyo ni. Na yi ta fizgewa in koma, suka riƙe ni. Matar nan ta mayar mini da Rifkatu. Da ƙafa muka shiga Madarumfa. Aka sauke mu a lakwal, makarantar firamare. A nan Yakubu ya same mu, yana bin aji-aji yana kiran sunana.

Washegari sojoji suka raka maza suka kwaso gawarwaki. Mata suka yi wa Inna wanka. Aka yi mata salla, ina tsaye daga nesa da Rifkatu a baya.

Mun rasa rumbu. Mun rasa awaki da ɗaki da turmin da muke matsar mai. Gonarmu tana can, ba mu san wanda ya girbe ba.

Amsar da na shirya mata tana nan. Na so in ce mata son maƙiyi ba ya wanke shi daga laifi, hukunci na Allah ne, kuma Yesu ya roƙa wa masu kashe shi gafara yana kan gicciye. Ban daina gaskata wannan ba. Amma na shirya ta ne kafin in ga fuskar yaron. Yanzu idan na durƙusa zan sa shi a addu'a, bakina ba ya buɗewa.

Tambayar ta zama tawa. Har yau ina kwana da ita.