Ƙafar Gaba da Kawu Ya Roƙa

Har yau idan na tuna abin da mijin ƙanwata ya yi da naman ragon dutsen nan, sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Kawuna ne ya riƙe ni tun ina ƙarami. Maharbi ne a ƙuruciyarsa, ya sha bin ragon dutse da ƙafa a duwatsun Azbin. Da ciwon ƙoda ya kama shi sai na kawo shi wajena a garin Sterling, a ƙasar Turawan da nake aikin tasi, ina kai shi wankin ƙoda, in wuce filin jirgi ɗaukar fasinja. Abinci ya fita ransa gaba ɗaya. Matata ta yi tuwo, ta yi farfesun kaza, sai ya taɓa ya ture. Kullum wandonsa ƙara yi masa yawa yake yi.

Ana cikin haka mijin ƙanwata, mai aikin kwamfuta da ke zaune a garin Lanham kusa da mu, ya ci ƙuri'ar izinin harbin ragon dutse can yammacin ƙasar. Mutumin da a bidiyo ya koyi farauta, amma kayan da ya jibgo sai ka ce yaƙi za shi. Ya zo gidana yana ta zuba. Kawu, wanda ko sallama da ƙyar yake amsawa, ya yunƙura ya tashi zaune.

"Idan Allah ya ba ku, ku kawo mini ƙafar gaba," in ji shi. "Ko tsoka guda na samu, na san cikina zai buɗe."

Wannan maganar ce ta sa na ajiye mota na bi shi. Ni ba harbi ya kai ni ba, dako na je.

Duwatsun can ba wasa. Babu hanya, babu waya, ga sanyi mai shiga ƙashi, numfashi ma sai ka nemo shi. Muka yi ta hawa muna leƙe, har wata safiya ragon ya fito kan wani tsauni. Na matse hannun surukin nawa sai da ya yi bisimilla kafin ya harba. Muka tarar da dabbar da sauran rai, na juya ta gabas na yanka da hannuna. Shi kuwa hoto yake ta ɗauka, ya riƙe ƙaho nan, ya gyara hula can. Da za mu sauka ya rungumi kan ragon kamar jariri, ni na goya naman a baya. Kafin mu kai gari gwiwoyina sun kumbura suntum.

Ina kwance a masauki ya kwashi naman ya kai wa wani mahauci, ya ce za a gyara a aiko mana. Sauran yinin kuma ya ƙarar da shi wajen mai gyara kan dabba don adon bango, suna shawarar irin idon gilashin da za a sa wa rago, da ɓangaren da zai riƙa kallo idan an kafa shi a bango. Sai da ya kira ƙanwata ta auna masa bangon falo.

Ranar da kwalin ya iso, matata ta riga ta daka yaji ta yanka albasa. Kawu ya sa aka yi masa aski, ya saka farar riga, ya zauna a falo. Muka buɗe, ba ƙafa, ba haƙarƙari, duk an niƙe. Matata ta zuba kaɗan a kasko, sai ga wani farin kitse yana narkewa, wani irin ƙauri ya tashi. Ta kalle ni. Ragon da na feɗe da hannuna ba shi da wannan kitsen.

Na kira mahaucin. Bawan Allah, da fara'arsa ya ce mini naman daji bushewa gare shi, shi ya sa suke niƙa shi da kitsen alade. Ya ce ya tambayi mai naman, ya amsa masa cewa a yi yadda ake yi wa kowa.

Na fita waje na kira surukina.

"Yaya, mistek ne," in ji shi. "Wallahi ban yi tunani ba. Ka shiga shagon halal ka sayo ƙafar rago kawai, ai ba zai gane ba."

"Kai da ka yini kana zaɓar wa mataccen rago ido, tambaya ɗaya kan abin da tsoho zai sa a baki ta gagare ka? Yanzu kuma in yi masa ƙarya?"

Na kashe wayar kafin bakina ya faɗi abin da zai raba zumunci.

Na koma na durƙusa gaban Kawu na gaya masa komai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da na samu sauƙi. Ya daɗe yana kallon kwanon da aka ajiye masa.

"Kun dai gasa hantar a kan dutsen?" ya tambaye ni. "Maharbi ba ya sauka da hanta."

Na ce mun gasa.

"Ka ci?"

"Na ci, Kawu."

"To, gaya mini yadda take."

Na fara ba shi labari. Na ce ta yi taushi, da ɗan ɗaci-ɗaci na ganyen dutse, ga hayaƙin itace ya kama ta, gishiri kaɗai muka barbaɗa. Ya lumshe ido. Ina magana bakinsa yana motsi a hankali, yana tauna abin da babu. Da na yi shiru sai ya haɗiye yawu.

"Ci gaba, ɗana," ya ce. "Ban ƙoshi ba."