Manhajar da Ba Ta Ƙonewa

A layin masu gyaran kwamfuta na kasuwar Mubi, Ummusalma na zaune kan benci tana kallon mai gyaran da aka nuna mata. Siriri ne, furfura ta riga shekarunsa zuwa, ƙafar tabaransa ɗaure da waya. Bangon shagon har yanzu baƙi ƙirin yake tun shekarar da 'yan Boko Haram suka shiga gari. Filas ɗin ajiyar bayanai na rataye a wuyansa kamar laya. Ya ciro shi ya soka a kwamfutarta, yana sa mata Linux, babbar manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya gyarawa.

Maƙwabcinsa ya leƙo yana dariya. "Malam Hamman, kai da ka rantse sai ka gina taka manhajar tun daga tushe?"

Bai ɗago ba, yatsunsa dai suka tsaya cak. Sai Ummusalma ta raya a ranta cewa shekaru ya yi yana wannan ginin shi kaɗai, ko kwafi bai ba kowa ba.

"Na gina, ta ƙone tare da shagon," in ji shi. "Wannan kuwa tana hannun duniya duka. Su zo su ƙona ta mu gani."