Kwalbar da Inna Ba Ta Wanke Ba

Inna mai wanki a bakin famfo ta tsufa, a ɗakin gwaji na wata masana'antar tace ƙarafa. Wanke kwalabe ne aikinta. Kowace ta san ta a hannu, har da wata mai ƙaton ciki da ɗan famfo a gindi, wadda kullum ake kawo mata da shuɗin tabo. Ta goge tabon nan har yatsunta suka kanannaɗe, amma ba ta taɓa ganin yadda yake samuwa ba. Ba hana ta aka yi ba, ita ce ba mai tambaya ba.

Sai idonta ya fara dushewa. Likita ya ce abin gaba zai yi, ba baya ba. Ranar da ta ga sai da shafa take gane wankakkiyar kwalba, ta je ta tsaya bayan mai gwaji, wani dogo da ta sani tun yana sabon zuwa.

"Ɗan nan, a nuna mini shuɗin nan naku tun ina gani."

"Inna, ashe kina magana?" Ya jawo mata kujera.

Ya zuba wani gurɓataccen ruwa a kwalbar nan mai ƙaton ciki, ya ce ƙarafa biyu ne narke a ciki. Ya ƙara wani abu kamar mai, ya girgiza, ya ajiye. Man ya taso fari fat yadda ya shiga.

"Saura gishiri," in ji shi.

"Miya kake haɗawa?"

"Irin na miyarki kuwa. Zuba da hannunki. Ƙara, Inna, ban da rowa."

Ta yi ta zubawa. Ya sake girgizawa, ya ajiye. A hankali ruwan ya lafa. Shuɗi ya yi ta tattaruwa yana hawa, har ya cika man a sama, ƙasa kuma ya koma kore shar, da layi tsakaninsu kamar an ja da zare.

"Ƙarfe ɗaya ya rungumi gishirin, sai man ya karɓe shi," in ji mai gwajin. "Ɗayan bai kula gishiri ba, ya yi zamansa."

Inna ta kawo fuskarta har numfashinta ya taɓa gilashin. 

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Gishirin da nake barbaɗawa ban ko duba."

Ya miƙa hannu zai juye, don ta samu ta wanke. Ta riƙe masa hannu.

"Bar ta nan bakin taga. Wannan ba yau ba."