Rahinatu da Hoton Uwar 'Yar Fari

Kullum da hantsi, daidai lokacin da nake buɗe shagon ɗinkina a Briqueterie, unguwar Yawunde da mu muke kira Birik, Rahinatu takan wuce ta gabana da baƙar jakarta a kafaɗa. Hijabi ta ɗaure shi ta baya don kada ya rufe mata kyamara, ƙafa cikin takalmin roba irin na masu wankin mota. Ba ta yi mini sallama kamar mutanen kirki. Leƙowa take yi ta ce, "Ilyas, yau wandon wa za ka lalata?" Ni kuma in ce ta wuce ta je ta ci gaba da ƙara wa bayin Allah hanci. Taubashiyata ce, 'yar ƙanwar babanmu, saboda haka duk abin da na faɗa a kanta a nan ya halatta. Yau ce rana ta farko da zan yabe ta a gaban jama'a, kuma ina ba ta shawara ta adana rubutun, don ba za ta sake samun irinsa daga wurina ba.

Safiyarta ta masu zama a ɗauke su hoto ce. Tana da ɗan ɗaki a bayan layin masu tsire, da kujera ɗaya da shuɗin ƙyallen bango wanda ni na ɗinka, har yau tana cewa gefensa a karkace yake. Nan amare ke zuwa, da ɗalibai masu gama makaranta, da tsofaffin da ke son aika hoto ga dangi a Kano ko Garwa. In azahar ta wuce sai ta kulle, ta tare tasi zuwa duk filin da ake wasa a ranar, ko na wata sakandare a Tsinga ko Messa, ko na jami'a can Ngoa-Ekelle. Babu jaridar da ta ɗauke ta aiki, babu makarantar da ta sa ta cikin ma'aikata. Ita ce shugabar kanta, ita ce kuma 'yar aiken kanta. Haka take sama da shekara ashirin. Bana gwiwa ta ƙi, likita ya ce durƙuson bakin fili ya isa, ita ma ta yarda cewa daga wannan zangon karatu sai hoton ɗaki kawai.

Da hoton amare ta fara, tunda mace ce, tana shiga inda maza masu kyamara ba sa shiga. Wata rana ƙanwar wata amarya ta roƙe ta ta zo ta ɗauke su suna ƙwallon hannu a makarantarsu. Ta je, ta tsaya a inda bai kamata ba, ƙwallo ta same ta a goshi. Ta dawo da ƙulu kamar ƙwan kaza, na yi dariya har na soke yatsa da allura. Washegari ta koma.

Duk wanda ya san daminar Yawunde ya san yadda fili yake komawa jan taɓo. Na sha ganinta a bayan raga, ta lulluɓe kyamara da leda, ita kuwa ruwa na dukanta, 'yan kallo duk sun gudu ƙarƙashin rumfa. Yaran makarantun ba su san sunanta ba, "Tantin Foto" suke ce mata, wato Gwaggo Mai Hoto, Musulminsu da Kiristansu. Sun san abu biyu game da ita. Na ɗaya, takan ɗauki wanda ya zo na ƙarshe a tsere da irin kulawar da take ɗaukar na farko. Na biyu, ba ta taɓa sa hoton mutum a waya ko a bango sai mai hoton ya gani ya yarda. Ta ce mini ƙwallo kowa yana ganinta, ita fuska take bi.

A ɗaki ma haka take. Malam Ƙasimu mai tsire, wanda tun ina yaro ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya zo ɗaukar hoto ya zauna ya ɗaure fuska kamar an kawo shi kotu. Rahinatu ba ta ce masa ya yi murmushi ba. Ta yi kamar tana goge gilashi, ta ce, "Baba, tsakani da Allah, a layin nan yajin wa ya fi muni?" Tsohon ya buɗe baki zai ambaci suna, dariya ta ƙwace masa. Hoton yana rataye a wurin gashinsa, 'ya'yansa sun ce shi kaɗai ne shaidar da suke da ita cewa babansu yana dariya.

Rahinatu, ke ce kika sa yaran Birik da iyayensu ba su da sukunin barin shago su je kallo suka samu abin nunawa a gida. Ke ce kika durƙusa a taɓo shekara da shekaru ba wanda ya taɓa miƙa miki lambar yabo. Amma ba don waɗannan na zauna rubutu ba, Rahinatu. Don abin da kika yi wa gidanmu ne.

Ina da yaya, Hansai. 'Yarta ta fari Najiba ce, mai tsaron raga a ƙungiyar ƙwallon hannu ta jami'a. Yayata mutuniyar da ce wajen kunyar 'yar fari. Tun da aka yaye Najiba kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta zuwa unguwar Nkomkana, sai da tsohuwar ta rasu ta dawo gida. Hansai ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Waccan" take cewa, in ta so sakin fuska ta ce "'yar Nkomkana". Ba ta zama kusa da ita, ba ta yabonta, ba ta kallonta in da mutane. Mu da muka tashi a haka ba mu ga komai a ciki ba. Najiba kuwa cikin 'yan Yawunde ta yi karatu.

Bara wata ƙungiya a Duwala ta ɗauke ta, ga wasa ga ƙarin karatu. Ta zo shagona gwajin rigar da za ta sa a hoton sallama. Ina durƙushe ina kama mata gefen ƙasa sai ta ce, "Kawu, in na tafi ba na jin zan riƙa zuwa."

Na ce, "Duwalan ce Makka? Ki hau motar safe, la'asar kina cin tuwo a gida."

"Ba nisa ba ne, Kawu. In zo wurin wa? Ka je fili ka ga uwayen ƙawayena. Mace ta tsallake igiya ta rungume 'yarta da gumi da komai, tana ihu, *c'est ma fille*, 'yata ce! Ni na kai lambar yabo gida, Inna ta ce a ɗauke ƙarfen nan daga tabarma kada yara su sa a baki."

Na ce mata kunya ce, al'ada ce, haka mahaifiyarmu ta yi wa babban wanmu.

Ta ce, "Na sani, a nan aka haife ni. Amma ta yaya zan gane kunya ce ba rashin so ba? Daga waje ai kamarsu ɗaya."

Ina da allurai a baki, na ci gaba da kama mata gefen rigar. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san yayata, na san tana son yarinyar nan, amma ba zan iya zuwa in ce wa Hansai ta rungumi 'yar fari ba, muciya za ta bi ni da ita. Kuma duk rantsuwar da zan yi wa Najiba, maganar kawu ce. Yarinya za ta tafi da wannan a zuciya, uwa kuma za ta rasa 'ya ba tare da ta san dalili ba.

Da yamma na gaya wa Rahinatu. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta tsokane ni ko sau ɗaya ba, abin da ya ba ni tsoro. Ta ce kawai, "Ranar hoton sallama ka zo, kuma ka ce mata ta kawo rigar wasa da ƙwallo."

Ranar an yi ruwa da rana ya ɗauke, simintin tsakar gida yana sheƙi. Aka rataya ƙyalle a igiyar shanya, aka jera dangi. Hansai, kamar yadda kowa ya sani, ta ƙi fitowa.

Rahinatu ta ɗaga murya ta ce, "Yaya Hansai, ki zo mana, ko tsufan kike ɓoyewa?"

Daga kicin ta amsa, "Ke dai Allah ya shirye ki. Ina da tuwo a wuta, ku yi abinku."

Aka gama na dangi babu ita. Sai Rahinatu ta ce saura na wasa. Najiba ta sa rigar tsaron raga, ta tsaya tsakanin turmi da randa, ni kuma aka miƙo mini ƙwallo. Na ce ni tela ne. Rahinatu ta ce ai ta sani, shi ya sa ba ta tsammanin komai. Na jefa, ta ce kamar mai miƙa goro. Na sake, ta ce jikanyar maƙwabta ta fi ni. Duk gida ana dariya, ido ya koma kan Najiba. Zuciya ta ɗebe ni, na tattara ƙarfina na wurga ƙwallon ƙasa ƙasa ta hagu. Najiba ta yi tsalle ta cafke, ƙafarta ta zame, ta faɗi da kafaɗa a kan siminti, tim! Mata suka yi salati. Ta miƙe tana dariya, ƙwallo a ƙirji.

Na juyo don in ji yabo, sai na ga kyamarar Rahinatu ba mu take kallo ba. Ƙofar kicin take kallo. Jifa mafi kyau da na taɓa yi a duniya, ba a ɗauka ba.

Ba ta nuna wa kowa ba. Ta wuce kicin kai tsaye, ni kuma na matsa bakin ƙofa kamar mai neman ruwan sha. Ta bayan kafaɗarta na hango hoton. Hansai ce, muciya a hannun dama, ƙafa ɗaya ta riga ta tsallake dokin ƙofa, hannun hagu a miƙe kamar za ta tare yarinyar kafin ta kai ƙasa, baki a buɗe. Shekara hamsin ina ganin fuskar yayata, ban taɓa ganin wannan ba.

Hansai ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wa ya aike ki?"

"Ba kowa. Hotonki ne, Yaya. In kin ce in goge, yanzu a gabanki zan goge."

Tukunya tana ta tafasa. Can ta ce, "Ɗankwalina ma a karkace."

"A karkace yake."

"Mutane za su gani?"

"Mutum ɗaya, in kin yarda."

Hansai ta juya ta sa muciya a tukunya. "Tuwona zai kama. Fita mini daga kicin."

"In goge?"

"Na ce ki goge? Cewa na yi ki fita."

Ranar tafiya ni da Rahinatu muka raka Najiba tashar motocin Duwala da safe. Uwar ba ta zo ba, ba kuma wanda ya zaci za ta zo. Ana kiran fasinjoji Rahinatu ta ciro hoton, wanda ta riga ta wanke babba, ta sa mata a hannu. Najiba ta duba, ta sake dubawa, ta zauna a kan jakarta.

"Tantin, yaushe ne wannan?"

"Lokacin da kika faɗi."

"Ta san kin ɗauka?"

"Ta gani. Ta ce ɗankwalinta a karkace yake."

Yarinyar ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, har yaron mota ya zo yana tambaya ko rasuwa aka yi. Ni ma na juya baya na yi kamar ina karanta allon tasha, alhali ko gilashina ban sa ba.

Rahinatu, na gode. Kin yi abin da ni kawu na kasa, kuma kin yi shi ba tare da kin kunyata yayata ko kin tilasta mata furta abin da bakinta ba zai iya ba. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa albarka a ɗan ɗakinki, ya kawo wadda za ta gaji wurinki a bayan raga. Ku kuma matasan Birik da kowa ke yawo da kyamara a aljihu, ku je ku zauna da ita tun tana da ƙarfin yi muku faɗa. Ku koyi haƙurin jira, ku koyi nuna wa mutum hotonsa kafin duniya ta gani. Za ta zage ku, amma za ku fito da sana'a.

Najiba tana gida yanzu haka, hutu ta zo, karo na uku ke nan tun tafiyarta. Jiya na same su a tsakar gida, uwar tana tsince shinkafa, ita tana zaune nesa kaɗan tana ba ƙannenta labarin Duwala da ƙarfi yadda za a ji har inda ake tsintar. Hansai har yau ba ta kira sunanta ba. Najiba kuma ba ta ƙara tambayata dalili ba.