Farantin da na kwashe a baranda

Shekarun baya, lokacin da korona ta kulle mu a Kuala Lumpur, ina zaune a unguwar Pantai Dalam da wata ƙawata 'yar Filifin, jami'armu ɗaya. Ni kuwa Allah ya yi ni da shegiyar tsafta da rawar kai.

Ana cikin kullen aka bugo mata waya cewa mahaifinta ya rasu. Babu jirgi, babu hanya. Ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Ranar kwana uku na fito shanya, sai ga ɗan faranti a baranda, shinkafa da dafaffen ƙwai, kiyashi sun yi masa layi. Na ja tsaki, na juye a shara, na wanke farantin tas. Har ina yaba wa kaina, wai na rage wa mai makoki aiki.

Da ta fito ta leƙa baranda, ta juyo ta ce, "Ina abincin Baba?"

Na ce, "Wane Baban?"

Ta zauna a ƙasa. Ta ce a garinsu wanda ya mutu bai bar gida ba. Yana cikin kakanni yana duba nasa, kuma sai an ɗibar masa abinci kafin kowa ya ci, don ya san ba a manta da shi ba. Ta ce, "Ban yi jinyarsa ba, ban raka shi ba. Wannan kaɗai ya rage mini."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk surutuna, ko "yi haƙuri" da ƙyar ta fito.

Na shiga kicin na ɗora wata shinkafar. Daga falo ta ce kar in sa gishiri, abincin mamata ba a sa masa. Ta zuba da hannunta ta kai baranda. Ni ban kai ba, ita ma ba ta ce in kai ba.

Ni Musulma ce, addu'a da sadaka muke bin mamatanmu da su, kuma ban sauya ba. Amma tun ranar, in na ga abin da ban gane ba a wurin mutane, sai na tambaya kafin in sa hannu.

Ta yafe mini tuni, har dariya take yi mini a kai. Ni dai har yau abin na ci mini rai: abincin farko da 'ya ta zuba wa ubanta bayan rasuwarsa, ni na zubar da shi a shara.