Seu Anacleto da Katakon da Bai Kai Ba

Ƙarfe shida na safe, ko da hazo ya rufe birnin Curitiba na ƙasar Brazil, Seu Anacleto Wosniak yana cikin rumfar katako ta kamfanin Oldenhaus mai ƙera fiyano. Yakan aje kofin gahawa a kan kututture, ya bi layi yana ƙwanƙwasa katako da bayan yatsa, ya juya wannan, ya ɗaga wancan don iska ta ratsa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, kuma ranar Juma'a zai aje aiki.

Tun da tsohon Oldenhaus ya sauka daga Jamus ya ƙera fiyanonsa na farko a bayan wani gidan burodi, doka ɗaya ya kafa: katako sai ya shekara goma yana shan iskar garin nan. Sunansa ne a goshin kowane fiyano. Amma wa ya riƙe dokar? Na daɗe ina juya wannan a raina.

Bernadete mai ɗaura wa fiyano wayoyi ta ba ni labarin shekarar da makarantun jiha suka nemi fiyano talatin. Busasshen katakon da ake da shi fiyano goma sha biyu kawai zai yi. Dona Gerda, jikar tsohon, ta sauko da kanta ta ce a buɗe layin da ya shekara shida. Anacleto ya ce bai kai ba. Ta tuna masa cewa kamfanin nata ne, masu neman aiki kuma suna bakin ƙofa. Sai ya ciro makulli ya miƙa mata.

"Ga shi, ranki ya daɗe, buɗe da hannunki. Ni dai na ɗauke ki a kafaɗa a rumfar nan kina tsoron ƙadangare, ba zan ɗauki katakon ƙarya ba."

Bernadete ta ce kowa na jiran a sallame shi. Dona Gerda ta kalli makullin, sannan dariya ta ƙwace mata.

"Tsoho mai taurin kai. Kai da katakon ban san wanda ya fi bushewa ba."

Goma sha biyu aka kai, sauran aikin ya tafi wani kamfani. Har yau ina tambayar kaina ko daidai ne mutum ɗaya ya hana abokan aikinsa wannan samu. Ban gama warwarewa ba. Abin da na sani, a garin Paranaguá, inda danshin teku ke lalata kaya, yara na kaɗa fiyanon nan har gobe, babu fiyanon da ya tsage.

Kai ne mai haƙurin gidan nan, Seu Anacleto. Jiya na tarar da kai kana jera ɗanyen katako, kana rubuta masa shekara da alli, alhali wani ne zai buɗe shi. Mun gode. Duk wanda aka ba wa makullin rumfar nan ranar Litinin, ya ƙirga goma cif kamar yadda ka ƙirga.