Mutumin da Bai Taɓa Sa an Yi Masa Aski Ba

A masana'antar ɗinkin ba mai kiransa da sunan yanka. Bari-na-yi ake ce masa, don ita ce maganar da ta fi saurin fitowa daga bakinsa. Shi ke gyaran kekunan ɗinki, kuma tun yana saurayi bai iya ganin sukudireba a hannun wani ya yi shiru ba. A gida ma haka abin yake. Rufi ya yi yoyo, shi zai hau. Askinsa shi ke yi da madubi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Matarsa takan ce da ana karɓar haihuwa da sifana, da ungozoma ba ta taɓa sanin hanyar gidansu ba.

Sai hannunsa na dama ya fara rawa. Da fari ya ɗora laifin kan gajiya, amma likita ya ce ba gajiya ba ce, kuma abin ba ya komawa baya. Ya riƙa ɓoye hannun a aljihu, sai dai ƙaramin noti ba ya rufa wa kowa asiri. Manaja ya kira shi ofis ya gaya masa gaskiya: aikin gyara da hannu ya fi ƙarfinsa. Abin da ya rage kujerar mai kula da masu gyara ce, ita kuwa sai da Turanci, don masu kamfanin baƙi ne, su za su gwada shi da kansu. In ya faɗi, sai sallama. Ga yara a makaranta, ga tsohuwarsa kwance a ɗakin baya. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Ya shiga ajin koyon Turanci na manya na ranar Asabar, ya cusa gwiwoyinsa ƙarƙashin teburin yara. Yana ta lallaɓawa har ranar da malamar ta kawo darasin yadda ake faɗin abin da ba kai ka yi ba, sawa ka yi aka yi maka, kamar ka ce ka sa an wanke maka mota, ko ka sa an yi maka aski. Ta ce kowa ya kawo misali daga rayuwarsa. Mai shago ta kawo, direba ya kawo. Da aka zo kansa ya lalubi shekarunsa kaf, bai samo ko ɗaya ba. Aji ya fashe da dariya, ban da malamar.

"Baba," in ji ta, "wannan darasin shi ne aikin da kake nema gaba ɗayansa. Mai kula ba ya gyara, sawa yake a gyara."

Daga nan ya kama haddar jimlolin, a cikin bas, a bakin famfo, a kan abinci, har yara suka fara kwaikwayonsa a bayan ido. Bakinsa dai ya saba.

Ranar gwaji aka ajiye wani keke mai tsinka zare a tsakiyar ɗakin gyara, aka kira wani dogo, tsohon abokin aikinsa, aka ce ya sa shi ya gyara, yana bayani da Turanci. Jimlar farko ta fita sumul, ta biyu ma haka, har ɗaya daga cikin baƙin ya gyaɗa kai. Amma dogon ya nufi wurin allura, alhali shi tun daga ƙarar keken ya ji matsalar a ƙasa take, wurin ƙoshiya. Ya san yadda zai faɗa, kalmomin suna kan harshensa. Sai dai hali zanen dutse. Bai ankara ba ya ji kansa ya ce bari na yi, ya fizge sukudireban.

Hannun ya yi abin da ya saba. Wani ƙaramin noti ya suɓuce ya faɗa cikin injin, bakin sukudireba na ta ƙwanƙwasa ƙarfe kamar mai buga ƙofa. Dogon ya sunkuyar da kai. Baƙin suka kalli juna, sannan suka yi masa godiya cikin ladabi, wadda ta fi masa zagi ciwo.

Ya bi manaja har bakin ofis yana roƙon a sake gwada shi ko sau ɗaya ne, shi da bai taɓa roƙon kowa allura ba. Manaja ya ce ya yi haƙuri, abin ba a hannunsa yake ba.

Da ya iso gida da la'asar matarsa ta dubi fuskarsa, ta gane. Ya ɗauko madubansa da reza, ya zauna a tsakar gida, don ya rasa abin da zai yi da kansa. Ya ɗaga rezar, ta riƙa kaɗawa kusa da kunnensa. Ya daɗe a haka. Daga ƙarshe ya kife maduban a ƙasa, ya miƙa mata rezar.

"Zo ki yi mini."

"Malam, ni ai ban iya ba."

"Zan gaya miki yadda za ki yi."

Ta karɓa. Ya cusa hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne su, ya fara gaya mata inda za ta soma.